Kwanon Majinyaci Ma Magani Ne

Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, tari da atishawa kan cika gidaje a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Maigida zai garzaya kemis ya kwaso kafso, amma ba kasafai ake tambayar abin da majinyacin ya sa a cikinsa ba. Alhali mura ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, iri sama da 200, kuma magunguna irin su amoksisilin ba sa taɓa su ko kaɗan. Jiki ne ke yin yaƙin da kansa, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10, kuma guzurin wannan yaƙi daga kwano yake fitowa.

Dalilin a fili yake. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, ƙarfin da jiki ke ƙonawa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100, ga gumi da saurin numfashi suna kwashe ruwa, ga busasshiyar iska tana ƙeƙasar da maƙogwaro. Saboda haka abin sha ne kan gaba: ruwa mai tsabta, koko, kunun tsamiya da ɗuminsa, ko romon farfesu da ke tsinka majina. Sai abinci mai gina jiki, domin da shi garkuwar jiki ke ƙera makamanta. Kunun gyaɗa da ɗan madara, faten wake da aka yanka wa alayyafo ya dahu luguf, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk sun wadatar. A haɗa da lemo ko gwaba, waɗanda ba sa yankewa a kasuwar 'Yan Lemo da ke kan titin Zariya.

Wani zai ce ai mara lafiya bakinsa ba daɗi, tilasta masa ci zalunci ne. Gaskiya ne ɗura ba ta da amfani, tana ma iya shaƙe yaro. Amma tsakanin ɗura da barin mutum da yunwa akwai hanya: ludayi biyu yanzu, biyu an jima, sau da yawa a yini. Mai shayarwa ta ƙara yawan ba da nono, kada ta rage. Wani kuma zai kawo kukan tsada. Shi ma yana da hujja, sai dai kuɗin maganin da ba ya aiki a kan mura sun isa sayen wake da ƙwai.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda suka ɗauki citta da tafarnuwa da lemon tsami a matsayin maganin komai. Shayin citta da kanumfari yana sanyaya maƙogwaro, zuma tana rage tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2013 ta nuna cewa shan bitamin C kullum yana rage tsawon mura da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, amma fara sha bayan ta kama bai nuna wani tasiri tabbatacce ba. Ke nan cin kirki na yau da kullum ya fi na rana tsaka.

Zazzaɓi kuwa ba a yi masa hukunci da ka. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwajin maleriya kafin a sha maganinta, kuma kunu ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Idan zazzaɓi ya kai kwana uku, ko yaro ya fara jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko ya kasa shan komai, a nufi asibiti nan take. Mutanen Tarauni ba su da uzurin nisa, ga ƙananan asibitocin unguwa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a maƙwabtaka. Bayan an warke kuma kada a janye hannu, a ƙara wa yaro ci ɗaya a kullum har mako biyu, domin ya mayar da abin da ciwo ya zaftare.