Ƙarin Fitilar Mota da Illar Zafin Waya

Duk direban da ya saba da tafiyar dare a kan hanyoyin da babu fitilun titi ya san cewa hasken mota ni'ima ne babba, kuma saboda haka ne mutane da dama, musamman masu motocin haya, sukan sayo ƙarin fitilu masu ƙarfi su kai wa mai wayarin ya ɗaura musu a gaba. Niyyar kyakkyawa ce, amma sau da yawa akan yi aikin da gaggawa da ƙarancin sani, har abin da aka nema domin tsira ya zama sanadin asara.

Asalin al'amarin hisabi ne mai sauƙi. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, kuma ana gane yawan wutar da fitila take ja ta hanyar raba ƙarfinta da wannan adadi. Ƙwayaye biyu na asali masu wat 55 suna jan kimanin amfiya 9, alhali kuwa ƙarin fitilu biyu masu wat 100 suna jan kusan 17. Wani masani na ƙasar Ingila, James Joule, ya bayyana tun a 1841 cewa idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da wayar take fitarwa yakan ninka huɗu. Don haka idan aka jingina sababbin fitilun a kan layin tsofaffin, wanda masu ƙera motar suka auna kaurinsa daidai da buƙatarsa ta farko, nauyin ya kai amfiya 26, zafin kuwa ya kusa ninki takwas.

Alamomin ba sa ɓuya ga mai lura: warin ƙonanniyar roba, makunni mai zafi a hannu, haske mai dusashewa, da mahaɗar waya da ta yi baƙi. Galibi a mahaɗa ake samun matsalar, inda aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da baƙin salatif, ko aka ɗaure wayar da ke komawa jikin mota a kan fenti da tsatsa. Mafi muni shi ne a ga fis ya ƙone, sai a naɗa masa takardar kwalin taba ko a sa wanda ya fi shi girma, bayan kuwa hikimar fis ita ce ya mutu ya zama fansa ga waya.

Ingantacciyar hanya ita ce a jawo wa fitilun layinsu daban daga batir, da wayar jan ƙarfe mai isasshen kauri, a sa fis kusa da kan batirin, sa'an nan a haɗa da na'urar da ake kira rile, wadda take ɗaukar nauyin wutar ta bar wa makunni ɗan kaɗan kawai. Wajibi ne kuma a nisanta wayar daga salansa, a sa mata zoben roba a duk inda ta ratsa ƙarfe.

Ya kai mai mota, rayukan da ka ɗauko amana ce a wuyanka. Kafin ka biya ladan aiki, ka nemi a nuna maka fis da rile da idonka, ka kunna fitilun na ɗan lokaci ka taɓa wayar. In ka ji ta da zafi, kada ka hau hanya sai an sake aikin.