Ko Kun Sani? Lantarki Na Iya Auna Ruwan Da Ke Cikin Yashi

Busasshen yashi ba ya barin wutar lantarki ta ratsa shi. Ruwan da ya shige tsakanin ƙwayoyinsa, da gishirin da ya narke a ciki, su ke ɗaukar ta. Shi ya sa idan aka kafa sandunan ƙarfe a gona aka tura 'yar wuta, sauƙin wucewarta ke nuna yadda ƙasar ta ƙoshi da ruwa. Gus Archie na kamfanin Shell ne ya fitar da lissafin wannan awo a 1942 domin masu haƙar mai, amma a ganina manoman rani na Kura da Bunkure, da ke ban ruwa daga madatsar Tiga, suna matuƙar buƙatarsa.

Wani zai ce ai manomi na dunƙula ƙasa a hannu ya gane. Haka ne, sai dai hannu sama yake taɓawa, ruwan da ke ruɓar da saiwar tumatir kuwa yana can ƙasa. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce takin zamani da kanwa da laka suna kumbura awon, har ƙasa mai gishiri ta yi kama da jiƙaƙƙiya. Maganin hakan shi ne a fara auna ruwan magudana shi kaɗai, sannan a daidaita na'urar awon da ƙasar kowace gona.