Ciwon gaɓoɓi a Dakoro: Me ya kamata ɗan ci-rani ya aika wa tsofaffinsa?

Da zarar sanyin hunturu ya sauka a Dakoro, arewa da Maradi, kukan tsofaffi ɗaya ne: gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, har sai an yi salla a zaune. Matan da suka shekara da shekaru suna daka da jan guga a rijiyoyi masu zurfi su ne suka fi ji a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai na zaizayewar guringuntsi, kashi 60 cikin ɗari mata.

Ɗan da ke Abijan ko Aljeriya, idan ya ji muryar mahaifiyarsa a waya, sai ya nemi abin aikawa. Sau da yawa kwalbar glucosamine ce mai tsada. To amma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, kan mutum 1,583, ya gano cewa a jimlace glucosamine da chondroitin ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage ciwon gwiwa ba. Kuɗin kwalba guda sai ya yi cefanen kwanaki.

Abin da ke kasuwa ya fi araha. Citta da kurkur suna ɗan rage zugi ga wasu, ko da yake sauƙin ba mai yawa ba ne, kuma ba sa mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye. Kifin gwangwani na sadin yana da man omega-3, wanda ya fi amfanar masu nau'in ciwon da ke kumbura yatsu da safe. Kwaɗon zogale, irin wanda ake nomawa a Jiratawa, abinci ne mai gina jiki, amma ba maganin amosani ba ne, komai ihun mai lasifika. Kurkur ɗin miya ba shi da matsala, sai dai na kwalba mai ƙarfi an samu ya taɓa hantar wasu a Italiya a 2019.

Babban haɗarin yana kan farantin masu tallan magani. Tsohuwa ta sha diclofenac safe da yamma, wata da watanni, babu wanda ya auna mata jini. Wannan ƙwaya tana iya jawo gyambon ciki, ta lalata ƙoda, ta hau da jini. Wasu ma ana haɗa musu da dexamethasone, sai fuska ta cika, dangi su yi murna wai ta murmure.

Kafin a aika kwalba, gara a aika kuɗin mota zuwa asibitin Dakoro a tantance wane iri ne. Idan babban yatsan ƙafa ne ke kumbura dare ɗaya, rage nama da kayan ciki ake buƙata. Idan gwiwa ce ga kuma ƙiba, kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke mata nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.