"Baba, Ashe An Sake Littafi Mai Tsarki?"

Cikin hutun Kirsimeti, lokacin da ake saran rake, wani saurayi ya komo gida daga makaranta a Zariya. Gidansu yana wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan. Da dare bayan an ci tuwo, ubansa ya ɗauko Littafi Mai Tsarki domin addu'ar iyali, ya miƙa masa ya karanta kamar yadda suka saba. Saurayin ya karɓa, amma bai buɗe ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Na karanta wani littafi a makaranta, ya ce wani sarkin Roma ne ya zaɓi abin da ke cikin wannan, ya sa aka ƙone sauran. In haka ne, me muke karantawa?" Uwarsa ta fashe da kuka. Uban kuwa ya ce, "Ɗana, boko ya lalata ka." Ran nan kowa ya kwanta ba a yi addu'a ba.

Mun ji irin wannan labari a Ikara, mun ji shi a Hunkuyi. Yawancin iyaye ba su taɓa ganin littafin da ake magana a kansa ba, domin haka ba su da amsa sai faɗa. Faɗa kuwa ba ya kashe shakka, yana koya wa yaro ya ɓoye ta ne kawai. Bari mu duba zancen tare a natse.

Wane littafi ne wannan?

Sunansa The Da Vinci Code. Wani mutumin Amurka, Dan Brown, ya rubuta shi, aka buga cikin shekara ta 2003, aka mai da shi fim cikin 2006. An sayar da miliyoyinsa, har yanzu kuwa yana yawo a hannun 'yan makaranta da cikin wayoyinsu. Ƙagaggen labari ne na kisankai da farautar asiri, mai daɗin karatu ƙwarai. A cikinsa marubucin ya sa waɗansu manyan zance a bakin wani masanin tarihi wanda shi ma ƙaga shi aka yi. Ya ce masu bin Yesu na fari mutum kawai suka ɗauke shi, sai Sarki Konstantin ya sa aka jefa ƙuri'a a kan allahntakarsa, da kyar kuma ƙuri'ar ta ci. Ya ce akwai linjila fiye da 80, sarkin ya zaɓi huɗu. Ya ce Yesu ya auri Maryamu Magadaliya, wata ƙungiyar asiri kuma tana tsaron zuriyarsu.

Ba mu ce karanta ƙagaggen labari zunubi ne ba. Da yawa daga cikinmu mun tashi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mun yi dariya, mun koyi hikima, ba kuwa wanda ya tafi neman kabarin akun da ya zama waziri. Kakanninmu in za su yi tatsuniya sukan fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," domin kowa ya san abin da ke tafe. Inda wannan littafi ya bambanta shi ne, a shafinsa na fari ya shaida wa mai karatu cewa ƙungiyar asirin nan gaskiya ce, an kafa ta tun 1099, takardun da ya ambata kuma daidai suke. Nan ne yaranmu suke tuntuɓe.

To, an bi sawun ƙungiyar. Wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya yi mata rajista cikin 1956. Daga baya shi da abokansa suka ƙaga takardu suka ajiye a babban ɗakin karatu na birnin Faris. Cikin 1993, da alƙali ya matsa masa da tambaya, ya yarda ƙarya ya shirya.

Me ya faru a Nikiya?

Gaskiya ne an yi taro a Nikiya cikin 325, Konstantin ne kuwa ya kira shi. Garin yana ƙasar Turkiyya, yanzu ana ce da shi Iznik. Bishop-bishop wajen 300 suka hallara. Abin da ya tara su shi ne koyarwar wani dattijon ekklesiyar Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, wanda ya ce Ɗan halitta ne, ko da yake shi ne mafi girma duka, tun kafin duniya kuma yana nan. Ku lura, ko Ariyus bai ce Yesu mutum ne kawai ba. Da aka rubuta shaidar bangaskiya, bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu. Zancen littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki kuwa ba ya cikin abin da taron ya zartar.

Mu tuna kuma da irin mutanen da suka taru. Cikin 303, shekara 22 kafin taron, Sarki Diyokletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a ƙone Littattafai. Waɗansu daga cikin waɗanda suka je Nikiya suna ɗauke da tabon azabar nan a jikinsu. Mutumin da ya ƙi musun Ubangijinsa a gaban wuta, da wuya ya yarda a sake masa shi domin wani sarki ya ba shi abinci.

Shaidar ta fi Konstantin tsufa nesa. Wasiƙun Manzo Bulus, waɗanda aka rubuta shekara 20 zuwa 30 bayan gicciye Yesu, suna girmama shi a matsayin Ubangiji (dubi Filibiyawa 2). A wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma, Filini, wanda ba mai bi ba ne, ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista sukan taru da asuba su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa allah. Lardin da yake mulki kuwa shi ne Bitiniya, inda Nikiya take.

Wa ya zaɓi Linjila huɗu?

A wajen shekara ta 180, Iraniyus, bishop na Liyon a ƙasar da ake kira Faransa yanzu, ya rubuta cewa Linjila huɗu ce ekklesiya ta karɓa: Matta, Markus, Luka da Yohanna. Lokacin nan saura kusan shekara 100 a haifi Konstantin. Lalle akwai littattafai ƙalilan, kamar 2 Bitrus da Ru'ya ta Yohanna, waɗanda aka daɗe ana shawara a kansu a waɗansu wurare. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da shi ya bayyana cikin wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya ta 367.

Sauran rubuce-rubucen da ake kira linjila fa? Akwai su, ba kuwa a ɓoye suke ba. Cikin 1945 manoma suka tono tulu cike da littattafai kusa da Nag Hammadi a Masar, har da wadda ake kira Linjilar Toma da ta Filibus. An juya su da Turanci, kowa yana iya karantawa. An rubuta su bayan zamanin manzanni, yawancinsu kuma sun fi nuna Yesu kamar ruhu mai ba da ilimin asiri, ba su rage shi ya zama mutum kawai ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta ce ya yi aure.

An sake shi a hanya?

Kafin a ƙago injin buga littafi, da hannu ake juyawa. A ce wani dattijo a Ikara ya rubuta wasiƙa, aka juya ta a Makarfi, aka juya a Zariya da Kano da Katsina, kowane gari kuma ya juya wa maƙwabtansa. Kowane magatakarda zai yi kuskure, amma ba a wuri ɗaya ba. In ka tara guda ɗari ka gwada su, za ka gane abin da dattijon ya rubuta. Ba kuma hakimin da zai iya bi gida gida ya sake su duka.

Haka yake da Sabon Alkawari. Akwai rubutun hannu na Helenanci fiye da 5,000, waɗansu cikakku, waɗansu gutsattsari, ban da tsofaffin fassarori na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Habashanci. Wani ɗan guntun Linjilar Yohanna da aka samo a Masar, wanda yake ajiye a birnin Manchester, masana da yawa suna ganin na ƙarni na biyu ne. Akwai kuma littattafan Yohanna da Luka da wasiƙun Bulus na wajen shekara ta 200 ko jim kaɗan bayanta, waɗanda suka kwanta cikin rairayin Masar inda hannun Konstantin bai kai ba. Da aka tono su, labarin Yesun da muka sani ne a ciki. Domin Tsohon Alkawari kuwa, cikin 1947 makiyaya suka sami naɗaɗɗun littattafai a kogo kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kofen Ibrananci da aka sani a dā da shekara wajen 1,000, bambancinsu kuwa yawanci na rubutun kalmomi ne. Littattafan Yahudawa ne, ba linjila ba ne kamar yadda ƙagaggen labarin ya ce.

Kada fa mu faɗa wa 'ya'yanmu abin da ya wuce gaskiya. Bambanci tsakanin kofe-kofen nan yana da yawa, ko da yake mafi yawansa na harafi ne ko jerin kalmomi. Akwai wurare biyu masu tsawo, watau Markus 16:9-20 da Yohanna 7:53 zuwa 8:11, waɗanda ba sa cikin kofe mafi tsufa. Fassarori da yawa suna nuna wannan a fili da baka ko da ɗan bayani a ƙasan shafi. Babu kuwa wani tushen bangaskiyarmu da ya rataya a kan wuraren nan kaɗai. Gara yaro ya ji wannan daga bakin ubansa ko pastonsa, da ya ji shi daga mai ba'a, ya zaci an ɓoye masa ne.

Mu tuna da Gimi

Mu mutanen wannan ƙasa bai kamata tambaya ta ba mu tsoro ba, gama ta hanyar tambaya waɗansu kakanninmu suka zo. Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a wajen 1867, masu karatu ne waɗanda suka nace ga bincike a kan Annabi Isa. Cikin 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Likita Mila a Zariya, suka ji Linjila, suka kafa gari a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, amma 'ya'yan da suka ragu sun yi karatu, sun zama ginshiƙan ekklesiyar Wusasa. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito cikin 1932, sabuwar fassara kuma cikin 1979. In yaro ya ga kalmomin biyun nan sun bambanta, a nuna masa cewa Hausar ce aka sabunta domin masu karatu su gane, kowace kuwa tana komawa ga Ibrananci da Helenanci.

Littafi Mai Tsarki kansa bai kori masu tambaya ba. Toma ya ƙi gaskatawa sai ya gani, Ubangiji kuwa ya nuna masa hannuwansa (Yohanna 20). Yohanna Mai Baftisma ya aiko da tambaya daga kurkuku, aka amsa masa da ayyukan da ake gani (Matta 11). An yabi mutanen Biriya domin kullum suna bin Littattafai su tabbatar da abin da Bulus ya faɗa (Ayyukan Manzanni 17:11). Luka ma ya fara Linjilarsa da bayyana yadda ya bincika al'amura tun daga farko.

Shawara ga iyaye da matasa

Ya ku iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta kawo irin wannan magana, ku fara da saurare har ta gama. Kada ku ƙone littafin, gama ƙonawa takan sa yaro ya zaci akwai gaskiyar da kuke tsoro. In ba ku san amsa ba, ku ce, "Ban sani ba, mu je mu tambaya." Ku kuma pastoci da malaman makarantar Lahadi, ku keɓe lokaci cikin hutu ku koya wa matasa tarihin yadda Littafin ya iso gare mu. Ku matasa, duk abin da kuka karanta ku tambaya: wa ya faɗa, a wace shekara, ina shaidarsa? Ku auna littafin tatsuniya da mudun da kuke so ku auna Littafi Mai Tsarki da shi.

Uban nan da muka ambata, bayan kwana biyu ya kira ɗansa a gona ya ce, "Na yi garaje da kai. Zo mu je wurin pasto." Suka zauna maraice uku suna duba al'amuran nan ɗaya ɗaya. Tambayoyin saurayin ba su ƙare duka ba, ya ce zai ci gaba da bincike in ya koma Zariya. Amma daren da zai tafi, shi ya karanta Luka sura ta ɗaya a addu'ar iyali, ƙannensa suna saurare. Ubangiji ya ba gidajenmu irin wannan haƙuri da ƙaunar gaskiya. Amin.