Cire Zoben Tumbi a Koma Yankan Tumbi: Bakacen Maganganun da Ke Yawo a Dutse

A wani gidan suna a Dutse na tsinci zancen, kuma kafin a gama rabon waina ya rabu gida uku. Wata Hajiya 'yar kasuwa ce, wadda aka sa wa zoben rage ƙiba a tumbi a ƙasar waje shekarun baya, ta koma aka cire zoben aka yi mata wata tiyatar daban. Wata ta ce zoben ne ya ruɓe a cikinta ya zama ciwon daji. Wata ta ce an kwashe tumbin ɗungurungum an sa mata na roba. Wata dattijuwa kuwa ta tafa hannu ta ce, "Ke 'yar nan, ai irin aikin da ya kashe matar Obasanjo ke nan." A cikin maganganun nan akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi mai yawa, kuma tunda batun rai ne, ya kamata a bakace su.

Zoben na silikon ne. Ana zagaya shi a saman tumbi, ƙasa kaɗan da inda bututun abinci ya shigo, sai ya bar 'yar ƙaramar jaka a sama wadda loma kaɗan ke cikawa. Wani siririn tiyo ya haɗa shi da ɗan maɓallin da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita yake soka allura ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan ya saki. Ba a yanke komai daga tumbin. An fara sa shi ta ƙananan huji a Beljiyam a 1993, Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, ya kuma bazu a duniya.

Ɗaya tiyatar, wadda likitoci ke kira silib saboda abin da ya rage yana kama da hannun riga, ta fi wannan girma nesa ba kusa ba. Ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a ɗinke ragowar da na'urar da ke dasa ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jere, ya koma siriri kamar ayaba. Don haka zancen an kwashe tumbi duka an sa na roba ba shi da tushe. Tumbin mutum ne dai, ƙanƙanta ya yi. Ɓangaren da aka cire kuwa shi ne ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa masu wannan tiyata suke cewa kwaɗayin abinci ya ragu musu a watannin farko. Zobe ba ya yin haka. Mai zobe yana nan da wannan ɓangaren na tumbinsa, hanya ce aka matse masa.

Zancen cewa mutane da yawa suna cire zoben gaskiya ne. A ƙididdigar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, zobe ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan ayyuka a 2011, amma kafin 2019 ya faɗo zuwa kusan kashi 1, silib kuwa ta haura rabi. Wani babban gwaji da Jami'ar Biristol ta jagoranta a Ingila, aka fitar da sakamakonsa a 2025, ya duba mutane sama da 1,300. Bayan shekara uku, kashi 25 cikin 100 ne kawai na masu zobe suka zubar da rabin ƙibar da ta yi musu yawa. A masu silib kashi 41 ne, a masu tiyatar karkata hanji da ake kira baifas kashi 68. Ban da rashin biyan buƙata, zoben yana da nasa rigingimun: yakan zame ya toshe hanya, yakan sa amai da wuyar haɗiya, yakan sa bututun abinci ya buɗe ya saki, maɓallin nan yakan kamu da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci ma yakan ci bangon tumbi a hankali har ya leƙa ciki. A nan ne zancen "ya ruɓe" ya samo asali, ina jin. Silikon ba ya ruɓewa, kuma ba a san zoben da haddasa ciwon daji ba, amma cin bangon tumbi abu ne da yake faruwa, kuma idan ya faru dole a cire.

Jita-jitar da ta fi ba ni tsoro ba daga gidan suna take fitowa ba. Daga masu tallar asibitocin waje take, waɗanda ke turo saƙo ta WhatsApp da Facebook suna cewa ɗan canji ne kawai, a cire wannan a yi wancan, kwana huɗu ka dawo gida. Wannan magana ƙarya ce mai iya cin rai. Zoben da ya shekara biyar ko goma a wuri ɗaya yana barin tabo mai kauri a jikin tumbi, kuma saman layin ɗinkin silib ta kusa da wannan tabon yake bi. Ƙusoshin na'ura ba sa kama nama mai tabo yadda suke kama lafiyayye. Babban abin da likitoci ke gudu shi ne ɗinkin ya yi yoyo, ruwan tumbi ya tsiyaya cikin ciki ya zama ruɓa. A tiyatar farko abin bai cika wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, amma bayan zobe haɗarin ya fi haka. Shi ya sa wasu likitoci suke raba aikin biyu: su cire zoben, su bar tumbin ya huta wasu watanni, sannan su yanka. Idan zoben ya riga ya ci bango, raba aikin shi ne ƙa'ida. Akwai kuma bambancin da bai kamata kowa ya sa hannu a takarda bai fahimce shi ba. Zobe ana cire shi tumbi ya koma kusan yadda yake. Abin da aka yanke a silib kuwa ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi.

Yoyon ba lallai ya nuna kansa a gadon asibiti ba. Yana iya bayyana bayan kwanaki, lokacin da mutum ya riga ya sauka a Kano ya kamo hanyar Dutse, Kiyawa ko Jahun. Alamominsa su ne bugun zuciya da ya wuce 120 a minti ɗaya, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da numfashi sama-sama. A garinmu, duk zazzaɓi maleriya ake fara kiransa, a aika yaro kemis. Wanda aka yi wa wannan tiyata ba shi da wannan sararin. Ya wuce kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano, kuma abin da zai fara faɗa wa likita shi ne irin aikin da aka yi masa da ranar da aka yi. Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. A 2023 BBC ta ba da rahoton cewa 'yan Birtaniya bakwai sun rasu bayan tiyatar rage ƙiba a Turkiyya tun daga 2019.

Ba kowane mai zobe ne silib ta dace da shi ba. Wanda ƙwannafi ya riga ya addaba, yana tashi cikin dare da ɗaci a maƙogwaro, silib na iya ƙara masa, domin siririn tumbi yana tura ruwan tsami sama. Irin wannan mutum galibi baifas ake ba shi shawara. Likitan kirki zai fara leƙa cikin da kyamara ta baki kafin ya yanke shawara. Wanda ya sa maka rana tun a waya, bai ga tumbinka ba, ka yi nesa da shi.

Batun marigayiya Stella Obasanjo kuwa, an haɗa abu biyu ne da ba su da dangantaka. Ta rasu a Oktoban 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan tiyatar kwalliya ta zuƙe kitsen jiki, kuma a 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Zuƙe kitse gyaran siffa ne, ba ya taɓa tumbi, ba ya maganin ciwon suga ko hawan jini. Tiyatar tumbi magani ce ga ƙibar da ta zama ciwo. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka fitar a 2022 ta ce a yi wa wanda ma'auninsa na BMI, wato nauyi gwargwadon tsawo, ya kai 35, ko 30 idan akwai ciwo irin suga. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 90 ta kai 35. Amaryar da ke son rage ɗan tumbi kafin biki ba ta cikin wannan lissafi, kamar yadda 'yar'uwarta mai shan sha-ka-fashe don ta cika ido take cutar da kanta ta ɗaya gefen.

Ana cewa macen da aka yanke wa tumbi ta gama haihuwa. Akasin haka ma aka fi gani, domin raguwar nauyi takan daidaita al'ada ta buɗe hanyar samun ciki. Abin da likitoci ke nema shi ne a jinkirta wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki ke zubar da nauyi da sauri, don kada ɗan tayi ya rasa abinci. Haka ma azumi. Ba a rabu da shi har abada ba, amma galibi ana ba da shawarar kada a yi shi a watannin farko, musamman idan Ramadan ya faɗo cikin zafin bazara irin na Jigawa, inda mai ƙaramin tumbi ba zai iya kwankwaɗar ruwa lokaci guda a buɗa-baki ba, sai dai kurɓi-kurɓi. Addini ya riga ya yi wa marar lafiya sauƙi, sai a haɗa shawarar likita da ta malami.

Masu cewa ƙiba ba ta dawowa bayan silib su ma ba su faɗi daidai ba. Tana dawowa ga wasu, kuma sau da yawa ta hanyar abin sha. Tuwo loma huɗu zai cika sabon tumbin, amma fura da nono mai sukari, kunun aya, shayi mai kauri da lemon kwalba wucewa suke yi zar ba tare da sun tsaya ba. Wanda waɗannan suka kayar a zamanin zobe, za su sake kayar da shi idan bai canja ba. Abin da jikin ke buƙata da farko shi ne ƙwai, kifi, wake, awara da nono marar sukari.

Sauran aikin na tsawon rai ne. Akwai ƙwayoyin bitamin kullum, da gwajin jini lokaci-lokaci don duba sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da bitamin D. Gashi yakan zube a watannin farko ya sake tsirowa, kuma saurin ramewa yakan haifar da tsakuwa a matsarmama. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa, suna iya yi wa tumbin gyambo. Wanda amai ya ƙi tsaya masa makonni yana iya rasa bitamin B1, abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ƙarin ruwa mai suga kafin a ba shi wannan bitamin yana ƙara ɓata lamarin.

Saboda haka wanda zai fita waje, ya nemi likita a gida tun kafin ya sayi tikiti, wanda ya yarda zai riƙa duba shi idan ya dawo. Kada ya baro asibitin can sai da rahoton tiyatar a rubuce da Turanci, da bayanin ko an cire zoben tare da tiyonsa da maɓallinsa duka, da jerin magungunansa, da lambar da likitan Dutse zai iya kira ya sami wanda ya yi aikin.