Tsohuwar mota da sanyin asuba: laifin filtir ne ko na karburato?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, duk mai sammakon zuwa tasha a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya saba da wannan kallo: an ɗaure kaya tun dare, mata na zaune bisa buhunan albasa da kwandunan tumatir, direba na ta murza makulli, mota na ƙugi amma ta ƙi tashi. Ga mai sayar da atamfa, jinkirin awa biyu ba wani abu ba ne. Ga mai kayan gwari kuwa asara ce. Salati ko tumatirin da bai shiga kasuwar Maraɗi da sassafe ranar Litinin ko Juma'a ba, ko ta Damagaram ranar Alhamis, zai tarar masu sari sun gama saye, kuma kuɗin mota sai an biya su cif.

Da yawa daga motocin da ke wannan jigila tsofaffi ne masu karburato: Peugeot 404 da 504, da tsofaffin Toyota. Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Ba ƙaramar mota ba ce: ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyun ta sake ci a 1978. Tsofaffin motocin tsere masu karburato da Turawa ke ajiyewa don sha'awa, su ma wannan ciwon na asuba ke damunsu. Bambancin kawai, su ba su ɗauke da jarin kowa.

Inji ba ya ƙona isansi yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Idan inji ya ɗumama, kashi ɗaya na mai kan buƙaci kusan kashi 15 na iska, a ma'aunin nauyi. To da asuba, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ƙarfe ya kwana yana shan ɗari, man da karburato ya fesa sai ya lafe jikin bututu, kaɗan ne ke isa wurin buji. Don haka ne aka yi wa waɗannan motoci maɓallin nan da ake ja kusa da sitiyari, wanda Faransawa ke kira "starter", a tsallaken iyaka kuma ake ce masa cok. Aikinsa ya rufe bakin karburato, iska ta ragu, mai ya yawaita. Abin takaici, a motoci da dama wayarsa ta tsinke tun tuni, ko makaniki ya ɗaure marfin a buɗe, tunda wata tara a shekara ba a nemansa. Ranar da ɗari ya shigo sai a ce mota ta tsufa.

Tada ta yadda ya kamata ba shi da wuya. A ja cok, a taka totur sau ɗaya ko biyu, a ɗage ƙafa, a murza makulli. Kada a wuce daƙiƙa 10 ana murzawa. A huta rabin minti a sake. In ta kama, a mai da cok rabi, bayan minti biyu ko uku a mai da shi duka. Direban da ke barin sa a jaye har ya fita gari, mai yake zubarwa, buji kuma na yin baƙi. Mai yawan taka totur kamar yana ɗinki da keke shi kuma shaƙe inji yake da mai. In an ji warin isansi ya tashi, a mai da cok, a danne totur har ƙasa a riƙe shi haka, sannan a murza.

Sai maganar filtir, wanda shi ake fara ɗora wa laifi. A ganina sau da yawa zaluntarsa ake. Cikin karburato akwai wani ɗan kwano da ke riƙe mai, kuma da wannan man da ya kwana ne mota ke tashi. Filtirin da ya toshe yana da tasa alama dabam: mota ta tashi lafiya, ta yi aiki a tsaye lafiya, amma da an ɗauki hanya da kaya ko an zo hawa sai ta fara shaƙewa, ta mutu. A huta minti kaɗan ta sake tashi, ta yi ɗan nisa ta maimaita. Dalili, man da ke ratsawa a hankali ya isa cika kwanon in ana tsaye, bai isa ba in inji na ja da ƙarfi.

Akwai gwaji mai sauƙi. Inji na kashe, a buɗe marfin filtirin iska, a leƙa maƙogwaron karburato, wani ya taka totur. In an ga mai ya yi tsartuwa, to mai ya iso, a nemi ciwon wani wuri. In ba a ga kome ba, kwanon ya bushe, abin da kan faru in mota ta yi kwanaki a ajiye, ko kuma famfon mai ya gaji, ko hanya ta toshe. Kuma kada a tsorata don an ga filtirin roba mai haske rabinsa iska ce. Haka yake zama. Abin dubawa shi ne jan ƙasa ko tsatsa a cikinsa, da kibiyar da ke jikinsa, wadda dole ta fuskanci karburato.

Daga ina dattin ke zuwa? Ko bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai, direba dole ya sayi na kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa. Ba kowane ne gurɓatacce ba, amma mai da ya bi jarka, ya bi mazurari a bakin hanya cikin ƙurar hunturu, ba ya rasa ƙasa. Tankin da ke kwana kusan babu kome shi ma yana tara raɓa a ciki, ruwa ya kwanta ƙasa domin ya fi isansi nauyi, ya haifi tsatsa. A zuba man a farar kwalba a ajiye, in da ruwa za a gan shi a gindi. Wasu in filtir ya dame su sai su cire shi su haɗa tiyo kai tsaye. Dattin bai tafi ko'ina ba, ya wuce ne zuwa ƙananan ramukan karburato, inda gyara ya fi tsada.

Dabaru biyu na tasha kuwa ya kamata mai kaya ya hana da bakinsa: tsiyaya isansi a bakin karburato ana murza makulli, da hura wuta ƙarƙashin inji don ya ɗumama. Inji kan yi tari ya turo harshen wuta baya, ga jarkar mai a hannun yaron mota, ga tabarmi da buhuna a sama.

In mai na isowa, cok na aiki, amma ba ta tashi ba, a koma ɓangaren wuta. Sanyi na rage ƙarfin batir, man inji kuma ya yi kauri. A kunna fitilu a murza makulli: in sun dushe sosai, batir ne ko kawunansa sun yi gishiri. A duba buji da filatin, wanda a 504 tazararsa ke kusan milimita 0,4. Hajiyar da ta yi shatar mota don kasuwar gobe tana da damar tambaya tun da yamma ko an zuba mai, ko cok na aiki. In kuma batir ɗin ba abin dogaro ba ne, a kwantar da motar tana fuskantar gangare, a tura ta a giya ta biyu.