Shibra a Gonar Gero: Kalmar Manomi da Hujjar Ilmin Gado

Daga cikin kalmomin Hausa ƙalilan da suka shiga rubuce-rubucen masana tsirrai na duniya ba tare da an sauya musu kama ba, akwai kalmar shibra. Masu rubutu da Ingilishi suna amfani da ita yadda take, masu rubutu da Faransanci kuwa sukan ɗan karkata baƙaƙenta, amma ma'anar ɗaya ce da wadda manomin Kazaure ko Roni yake nufi idan ya nuna wani kara a gonarsa ya ce wannan ba gero ba ne. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ya sa shibra take fitowa a gonar da aka shuka zaɓaɓɓen iri, da kuma yadda amsar wannan tambaya ta buɗe tarihin gero kansa.

Shibra ba baƙuwa ba ce a jigayin Babura da Gwiwa, inda gero yake kan gaba a abincin damina. Lokacin da take ƙarama ba a iya rarrabe ta da gero, saboda haka takan tsira daga cira da noman firi. Sai ta fid da kai sannan asirinta yake tonuwa: karanta siriri ne, 'ya'yan gindinta da yawa, zangarniyarta ƙarama mai gashi, ƙwayarta ba ta kai ta gero ba. Babban aibinta shi ne ba ta jiran mai gona. Da zarar ta ƙosa sai ta kakkaɓe a ƙasa, baɗi ta dawo a matsayin gyauro. Duk da haka ba a rasa amfaninta ba, domin tana riga gero nuna, kuma a shekarun ƙunci mutanen ƙasashen Sahel sun sha toshe yunwar tsakiyar damina da ita kafin sabon hatsi ya shigo.

Abin da yake ɗaure kai shi ne, manomi na gari ba ya ɗibar iri da ka. A lokacin yankan gero yakan ware zangarniyoyin da suka fi tsawo da cika da tsabta, ya ɗaure su dami daban, ya adana su nesa da na ci. To, ina aka samu shibra a cikin abin da aka tace haka? Bahaushe ya riga ya tanadi magana ga irin wannan hali, ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amma karin maganar ya tsaya ga mamaki ne, bai faɗi dalili ba.

Uwa sananniya, uba a iska

Dalilin yana cikin yadda gero yake haihuwa. Idan zangarniya ta fito, sassan mace na furenta, watau waɗannan fararen zarurruka masu laushi, su ne suke fara bayyana. Sai bayan kwana biyu ko uku sassan namiji suke fitowa su saki garin da ake gani lokacin da gero ya yi bununi. Kafin zangarniya ta saki nata garin, iska ta riga ta kawo mata na maƙwabta. Saboda haka mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin zangarniya guda uwarsu ɗaya ce, amma ubanninsu daban-daban ne, wasu daga kunya ta kusa, wasu daga gonar wani mutum. Manomi yana zaɓen uwa ne kurum. Uban ba ya hannunsa.

A nan ne ilmin gado yake shigowa. Tun 1865 Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno, ya nuna da gwajin da ya yi a kan wani nau'in wake cewa halaye suna wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya ta hanyar wasu ƙwayoyi da ba sa narkewa cikin juna. Kowane ɗa yana karɓar guda daga uwa, guda daga uba, kuma sau da yawa ɗaya takan danne ɗaya ta hana ta bayyana, ba tare da ta hallaka ta ba. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900. Waɗannan ƙwayoyin gado, kamar yadda aka gano daga baya, a jere suke bisa wasu zarurruka cikin kowace ƙwayar halitta. Gero yana da zare 14, bakwai daga uwa, bakwai daga uba.

Binciken da aka yi ta hanyar barbara tsakanin geron gida da na daji ya nuna cewa yawancin halayen daji, musamman zubar da ƙwaya da rufe ta da ƙaiƙayi mai tauri, su ne masu dannewa. Halayen gida su ne ake dannewa. Ma'anar wannan a gona mai sauƙi ce. Idan garin shibra ya sauka a kan zangarniya mai kyau, ƙwayar da za ta fito ba za ta nuna kome ba, domin siffar zangarniyar ta uwa ce. Manomi zai ɗauke ta da hannunsa ya sa cikin damin iri. Sai ta tsira baɗi sannan gadon uban ya bayyana. Haka nan kuma an gano cewa manyan ƙwayoyin gadon da suke raba geron gida da na daji ba a warwatse suke ba, sun taru ne kusa da juna a kan zare na shida da na bakwai. Shi ya sa suke tafiya tare kamar ayari, shibra ta fito da kamanninta kusan cikakku, maimakon halayen su tarwatse su ɓace cikin gero.

Lalle akwai abin lura a nan game da harshe. Kalmar iri a Hausa tana nufin ƙwayar da ake shukawa, tana nufin nau'in abu, tana kuma nufin tsatson mutum ko dabba. Harsuna da yawa suna da kalma daban ga kowane ɗaya daga cikin ukun. Hausa ta haɗa su wuri ɗaya, kuma haɗin ya dace da abin da kimiyya ta tabbatar: nau'i ba wani abu ba ne illa abin da ƙwaya take ɗauke da shi daga tsatso. Inda kalmar ta gaza shi ne, tana sa a ɗauka cewa iri abu ne tsayayye. A wajen gero kuwa, kowace damina sai an sake cuɗa shi.

Daga ciyawa zuwa hatsi

A 1977 wasu masana uku na Amurka, Brunken da de Wet da Harlan, suka buga nazarin da ya tattara geron gida da geron daji da shibra a ƙarƙashin jinsi guda, domin dukkansu suna barbara da juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Geron daji har yanzu yana fitowa da kansa a bakin Hamada, daga Muritaniya da Senegal zuwa Sudan, har da ƙoramun Azbin. Shi ne kakan. Shibra kuwa tsaka-tsaki ce, ba ta gida ba, ba ta daji ba. Ba ta bukatar kakan ya kasance kusa kafin ta rayu: gyauron da take zubarwa a ƙasa da gadon da take ɓoyewa cikin damin iri sun ishe ta ta dawwama a ƙasar Kazaure, nesa da inda geron daji yake.

Yaya aka yi ciyawa mai zubar da 'ya'yanta ta zama hatsin da yake jiran lauje? Ba a bukatar wani ya shirya hakan da gangan. Mutumin da yake yankan ciyawar daji don abinci, abin da yake samu shi ne zangarniyar da ba ta riga ta zube ba. Idan ya shuka daga abin da ya tara, to ya zaɓi masu riƙe ƙwaya ke nan ko bai sani ba. A maimaita haka shekara ɗaruruwa, halin da da can ƙalilan ne yake da shi sai ya game gona. Charles Darwin ma da irin wannan misali ya buɗe littafinsa na 1859, watau da sauyin da tsirrai da dabbobi suke yi a hannun masu noma da kiwo, kafin ya wuce zuwa abin da yanayi yake yi ba da hannun kowa ba.

Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun ƙaiƙayin geron gida a jikin tukwanen da aka haƙo a kwarin Tilemsi, arewa maso gabashin Mali, masu shekara wajen 4,500. A 2017 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT ta fitar da karatun kundin gadon gero, aka ƙiyasta yana da ƙwayoyin gado fiye da 38,000. Shekara guda bayan haka, a 2018, wani nazari da ya kwatanta kundin gerorin gida da na daji ya nuna cewa asalin geron gida yana yammacin Hamada, wajen iyakar Mali da Muritaniya, kuma ya fara yaɗuwa kimanin shekara 4,900 da suka wuce, lokacin da Hamadar take bushewa. Nazarin ya kuma nuna cewa a kan hanyarsa ya yi ta karɓar gado daga gerorin dajin da ya tarar. Ashe ke nan barbarar da take haifar da shibra ba ɓarna ce zalla ba. Ta wannan ƙofa ce gero ya sami wani rabo na bambancin da yake taimaka masa jure wurare iri-iri.

Sauyin da aka auna

Wannan aiki bai tsaya a zamanin da ba. Bahaushe ya raba hatsin nan gida uku: gero mai saurin nuna, maiwa mai jinkiri wadda ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, da dauro da ake dasawa a kudu. Duka jinsi ɗaya ne, bambancinsu yana ga ƙwayoyin gadon da suke sarrafa lokacin fure. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun gwada waɗannan halaye gwaji mai tsanani.

A Jamhuriyar Nijar an tattara irin gero daga ƙauyuka a 1976 aka adana. A 2003 masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu suka sake tattarawa, sannan suka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa sunayen irin ba su sauya sosai ba, amma hatsin ya sauya: na 2003 ya fi saurin fure, zangarniyarsa ta ɗan gajarta. Wani nau'i na ƙwayar gado mai suna PHYC, wanda yake da alaƙa da saurin fure, ya tashi daga kusan kashi 10 cikin ɗari zuwa kusan kashi 18. Cikin damina 27 kurum, gajartar ruwa da hannun manomi sun karkata gadon gero, alhali mai gonar yana kiran irinsa da sunan da ubansa ya kira shi.

Muhimmancin wannan bambanci ya fi fitowa idan aka dubi inda aka rasa shi. A Indiya, inda gero ya isa tun dubban shekaru, an fitar da irin aure mai yawan amfani a shekarun 1960, kusan duka daga uwa guda da aka samo daga Tifton ta Amurka. Gonaki suka zama tamkar mutum ɗaya. A farkon shekarun 1970 wata ƙaramar halitta mai kama da naman gwari, wadda take mai da zangarniya ganye, ta auka musu ta yi mummunar ɓarna, domin ita ma tana da nata gadon da yake sauyawa, kuma da ta sami mabuɗin ɗaya ta sami na duka. Daga cikin gerorin Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya, aka nemo masu jure cutar. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin ingantaccen iri. SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta fitar a 2000, ya karɓu a arewacin Nijeriya saboda dalilai na gaskiya, kuma shi kansa daga gerorin manoman Mali aka haɗa shi. Abin tsoro shi ne a bar tsohon ya ƙare a rumbu kafin a san abin da yake ɗauke da shi.

Akwai wani bincike da ya kamata masu nazarin harshe su sani. A 2000 aka buga sakamakon auna gadon gerorin wasu manoma a ƙauyuka biyu na arewa maso gabashin Nijeriya, kuma cikin masu aikin akwai Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya kuma daɗe yana bincike a Dagaceri ta Jihar Jigawa. An tarar cewa iri biyu masu suna daban a gonar mutum ɗaya sun fi kusanci da juna a gado fiye da iri mai suna ɗaya a gonakin mutum biyu. Dalilin shi ne wanda aka riga aka bayyana: iska tana cuɗa duk abin da yake gona guda, mai gonar kuma yana tsamo siffar da yake so kowace kaka ya laƙaba mata suna. Sunan yana bin siffar zangarniya ne, gadon kuwa yana bin gida. Saboda haka wanda ya sayi tiya guda ta zango a kasuwar Babura ya kai ma'ajiyar iri, bai adana zangon Gwiwa ba, bai ma adana na gidan da yake maƙwabtaka da mai sayarwar ba.